Ɗanmasanin Kano: ministan da bai bar kujerar majalisa ba

Duk wanda aka ambata masa Alhaji Yusuf Maitama Sule, fasahar magana yake fara tunawa. Fasahar kuwa akwai ta, sai dai ta danne abin da ya fi cancantar nazari a tarihinsa, wato tsarin da ya yi aiki a ƙarƙashinsa.

Malamin makaranta ne kafin ya shiga Majalisar Wakilai a 1954 a jam'iyyar NPC. A 1959 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ba shi Ma'aikatar Ma'adinai da Wutar Lantarki, ya riƙe ta har juyin mulkin Janairun 1966. Kuzar Jos, kwal ɗin Inugu, hukumar lantarki ta ECN, da man fetur da aka fara fitarwa waje a 1958, duk a hannunsa suke. A zamaninsa aka fara aikin madatsar Kainji a 1964, matatar mai ta Fatakwal kuma ta soma aiki a 1965.

Duk tsawon shekarun nan yana nan ɗan majalisa, domin a tsarin firayim minista sai daga majalisa ake ɗauko minista. Yakan zauna cikin zauren, 'yan adawa su tsare shi da tambaya kan kwangila ko kasafi, ya miƙe ya amsa da bakinsa. Lokacin zaɓe kuma ya koma gaban jama'ar mazaɓarsa.

Yanzu sashe na 147 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar da ya sha rantsuwar minista ya bar kujerarsa ke nan. Abin da ya rage shi ne tantancewar Majalisar Dattawa, wadda sau da yawa ba ta wuce a ce wa tsohon abokin aiki ya rusuna ya tafi. Daga nan sai gayyatar kwamiti, da yawan ministoci kuma babban sakatare suke turawa.

Ɗanmasani ya shugabanci Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a a farkon kafuwarta, ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya rasu a Alƙahira a 2017. A ganina, masu gyaran kundin tsarin mulki ba sai sun maido da tsarin firayim minista na 1960 ɗungurungum ba. Su wajabta wa kowane minista bayyana a zauren majalisa a ranakun da doka ta ƙayyade, ya amsa tambayoyi da kansa, a kuma tanadi hukunci ga wanda ya ƙi zuwa.