"Namu ne" ba ta isa hujja ba

Jiya da daddare a wurin mai shayi a Aboabo, ɗaya daga cikin unguwannin zango na Kumasi a Gana, gardama ta kaure. Wani ƙanenmu da ke karatu a jami'a ya ce kalmar "ɗan zango" ƙirƙirarta aka yi, ba da ita aka haifi kowa ba. Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, a 1969 kana ina?" Na kwana ina juya maganar nan a raina.

Yaron bai yi ƙarya ba. Masana falsafar da ake kira ta bayan zamananci, irin su Michel Foucault na Faransa, sun daɗe suna cewa sunayen da ake raba mutane da su, mutane ne ke tsara su, kuma galibi mai iko ne ke yanke wa zai shiga, wa zai tsaya a waje. Mu a Kumasi ba sai an kai mu Faransa ba. Dubi layinku kawai. Bazabarme, Bamoshe, Badagombe, Kotokoli, Bafulatani, da jikokin fataken goro da suka bi hanyar Gwanja suka yada zango a Salaga: kasuwa da masallaci da auratayya ne suka haɗa su, Hausa ta zama harshen gida. Kwame Anthony Appiah, wanda a garin nan ya tashi, shi ma ya yi rubutu mai yawa a kan yadda asali ke ginuwa da yadda yake ɗaure mutum.

Amma Baba, dattijon nan, shi ma yana da gaskiya, kuma tasa ta fi ciwo. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. Mutanen da aka yanke cibiyarsu a nan sun hau manyan motoci zuwa ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Kakata har ta rasu tana lissafa maƙwabtan da ba su dawo ba. Abin da aka ƙirƙira yana iya raba uwa da ɗanta. Don haka ban yarda wani ya ce mu daina kiran kanmu 'yan zango ba, alhali har yau akwai wanda ake yi wa tambayoyin asali a wurin karɓar katin ɗan ƙasa saboda sunansa kawai.

Inda nake rabuwa da 'yan uwana shi ne lokacin zaɓe. Da zarar an ce "namu ne", sai baki ya mutu. Ba mai tambayar kwatar unguwa da ke ambaliya duk damina, ba mai tambayar ina Asusun Raya Zango da aka kafa dokarsa a 2017 ya kwana. Wanda ya yi tambaya sai a ce ba ya kishin addini ko ba ya kishin gida. Wannan zalunci ne da muke yi wa kanmu, wallahi.

Kuma akwai abin da ya fi wannan damuna. Idan rikicin makiyaya da manoma ya tashi a garin Agogo na yankin Asante, na sha jin 'yan zango suna saurin cewa, "Ai Fulanin daji ne, ba mu ba ne." Kalmar da aka jefi kakanninmu da ita ce muka ɗauka muna jifan wasu. Na faɗa wa Baba haka kafin mu tashi. Ya yi shiru, ya biya kuɗin shayinmu duka, ya ce gobe in zo da wuri.