Katin Alhaji

Bayan sallar isha'i teburin mai shayin da ke gefen layin dogo a Agege yakan cika maƙil. Ran nan sai ga Sani, ɗan ƙanwar Alhaji Bakano, rungume da wata kwamfutar hannu tokumbo da ya sayo a Computer Village ta Ikeja. Yaron ya ƙudurta zai fara labarin zane, ya riƙa sakin kashi guda duk Juma'a a Facebook da Instagram, taurarin kuma ba wasu ba ne illa mutanen teburin. Da ya ja bakinsa ya zana abinsa, da an zauna lafiya. Sai ya nemi shawara.

SANI: Kawu, kafin in saki kashin farko, kowa zan yi masa kati. Hoto a sama, ɗan bayani a ƙasa, don mai karatu ya san da wa yake tafiya.

ALHAJI: Irin katin ɗan ƙasa?

SANI: Kusan haka, sai dai wannan ba a wuni a layi. Na samo tsarin a intanet, gurbi ashirin da biyu. Suna, shekaru, tsawo, nauyi, ranar haihuwa...

MALAM BAZAZZAGI: Ashirin da biyu! Mu da muka yi jami'ar Ahmadu Bello ma ba a titsiye mu haka ba.

ALHAJI: An fara. Ko shayin bai huce ba ya ambaci jami'a. Yaro, rubuta: Alhaji, shekara arba'in cif.

MALAM: Ba kai kake ce mana an haife ka shekarar da aka canja kuɗi ba?

ALHAJI: Ƙwarai kuwa. Da sabon kuɗi aka sayi ragon sunana.

MALAM: To naira ta karɓi fam a 1973. Bakano, kai da ke lissafa kwandon tumatir ɗari uku da ka a Mile 12, yau ragi ya gagare ka? Ka haura hamsin.

ALHAJI: Sau ɗaya aka canja kuɗi a ƙasar nan? Na Buhari nake nufi, 1984.

MALAM: A 1984 ai kana tallan goro a bakin Kantin Kwari, da bakinka ka faɗa.

ALHAJI: Na yi saurin tafiya ne.

Sani ya rubuta arba'in, ya sa alamar tambaya a gefe. Jirgin ƙasan da ke tashi daga Agbado zuwa Oyingbo ya wuce, kowa ya dafe kofinsa, sannan aka ci gaba.

SANI: Baffa Jauro, saura kai. Rukunin jini?

JAURO: Jinin wa?

SANI: Naka mana.

JAURO: Aradu tun daga Mubi aka ja mini kunne, a Ikko ko gashin kanka kada ka ba mutum. Yau wata uku ina kawo shanu Oko-Oba lafiya, sai ɗan gida ne zai nemi jinina?

SANI: Ba ɗiba zan yi ba, Baffa, rubutawa kawai. Masu zane na Japan ne suka saba sa shi, don a can mutane da yawa sun ɗauka rukunin jini yana nuna hali. Wai mai A natsattse ne, mai B kuma ɗan ganin dama.

JAURO: To rubuta jinin Fulani.

MALAM: Ka gani ko, Sani? Ka kwaso tsarin mutanen da abin yake da ma'ana a wurinsu. Mu nan wa ya damu da A ko B? Abin da ke raba aure shi ne jinin sikila, AS da AS. Kano ma a 2024 ta yi dokar gwaji kafin a ɗaura aure.

ALHAJI: (ya ƙware da shayi) Me ya kawo maganar aure kuma?

MALAM: Misali na bayar. Me ya tsorata ka?

SANI: Shi ke nan, na goge jini. Baffa, dukiya fa? Shanu nawa?

JAURO: 'Yan kaɗan.

SANI: Kamar nawa?

JAURO: Maido maganar jinin, ta fi sauƙi.

Nan fa aka shiga gurbin abincin da aka fi so. Alhaji ya ce gurasa da tsire, ya ƙara da cewa shi tunda ya zo Legas abincin Yarbawa bai taɓa ratsa maƙogwaronsa ba. Malam ya ce faten tsaki. Jauro ya ce fura da nono, kamar da ma akwai wanda ya yi zaton wani abu daban. Mai Shayi, wanda tun ɗazu yake soya ƙwai bai tanka ba, ya ajiye cokali.

MAI SHAYI: Sani, tsakaninka da Allah, in ka rubuta Bafillatani yana son fura, wa ka ba labari?

SANI: Gurbin ne yake nema, Baba.

MAI SHAYI: Gurbin ne zai karanta ko mutane? Mutum yana cikin danfo, an matse shi a Oshodi, yana jan waya da babban yatsa, datarsa tana ƙonewa. Shi ne zai tsaya karanta nauyin Alhaji?

ALHAJI: Kilo saba'in.

MAI SHAYI: Ƙafa ɗaya ke nan. Ni in za ka rubuta abincin Alhaji, rubuta amala da ewedu, ranar Talata, a bukkar Iya ta bayan tasha, ya juya wa titi baya ya tura hula aljihu.

ALHAJI: Ƙarya ne! Magani nake sha, aka ce in haɗa da abu mai yauƙi.

SANI: Tsaya, tsaya, wannan kam ya shiga. Mai zagin amala a fili, mai sharɓar ta a ɓoye. Kashi uku zan fitar daga nan.

MAI SHAYI: Ka fara ganewa. Ni ma ai ina da katin kowa.

Ya sa hannu a ƙarƙashin tebur, bayan gwangwanayen madara, ya zaro wani littafi mai bangon da maiƙo ya cinye. Teburin ya yi tsit. Duk wanda ya taɓa zama wurin mai shayi ya san littafin nan, kuma a ganina babu marubucin da ya kai mai shi sanin mutane.

MAI SHAYI: Alhaji: madara biyu, rabin burodin Agege, sai gobe. Malam: shayi baƙi, in wani ne zai biya a soya ƙwai uku. Jauro: ba ya cin bashi, amma sai ya juya baya ya kwance lalita. Layi ɗaya ɗaya ne. Akwai wanda ba ka gane ba?

MALAM: Wannan ɓata suna ne. Ƙwai biyu ne.

Ana cikin haka Bagobiri ya iso da tocila da sanda, zai wuce gadinsa na dare a Ikeja. Ya leƙa kwamfutar, ya ga hotonsa, ya ɓata rai.

BAGOBIRI: Kai yaro, wane ne wannan?

SANI: Kai ne, Baba.

BAGOBIRI: Ni? Ƙirga tsagar nan. Nawa ka gani?

SANI: Biyar.

BAGOBIRI: A hoton jiya da ka nuna mini tara ka yi. Ni tsagata shida ce nan, bakwai nan, tun ina jariri ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Kai kuma kullum da farashinka.

SANI: To ka ga amfanin gurbin nan da Baba Mai Shayi yake so in zubar.

MAI SHAYI: Ban ce ka zubar ba. Takarda biyu za ka yi. Ɗaya taka ce kai kaɗai: tsagar Bagobiri, wanda ya fi wani tsawo, gefen da Malam yake karya hula, hannun da Alhaji yake ɗaura agogo, don kada ka zana mutum yau gobe a ga wani. Ɗaya kuma ta masu karatu, layi uku ko huɗu. Ni ma ai ba littafin nan nake liƙawa a bango ba, farashi kawai nake liƙawa.

BAGOBIRI: A tawa ta masu karatu ka sa sana'a: ubangidan Yarbawa.

MALAM: Wanda yake buɗe musu ƙofa ƙarfe biyun dare yana sara musu.

BAGOBIRI: Dubawa nake in ga ko bayina sun dawo lafiya.

SANI: Duka biyun zan sa, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya.

ALHAJI: To ni fa? Kowa an ba shi abin alfahari, ni an bar ni da amala da bashi. Yaro, akwai gurbin iyali?

SANI: Akwai, Kawu, amma da na ce a bar shi. Abin da labari zai tona a kashi na goma ba a sa shi a kati. In mai karatu ya sani tun farko, me zai dawo nema?

ALHAJI: Ni ba ni da abin tonawa. Rubuta: mata biyu. Da manyan baƙi. A san ba ƙaramin mutum aka zana ba.

SANI: Kawu, ka tabbata?

ALHAJI: Ni da iyalina kake tambayata? Rubuta!

Sani ya rubuta. Malam ya miƙa wuya, ya ɗauki hoton katin da wayarsa, ya ce ai abu ya yi kyau. Alhaji ya gyara zaman hula, ya ce a ƙara masa madara. Can sai wani tunani ya zo masa.

ALHAJI: Wai shi wannan labarin, iya Agege ake ganinsa ko?

SANI: Intanet ne fa, Kawu. Har Saudiyya.

ALHAJI: Kano fa?

SANI: Kano ai nan ne masu bina suka fi yawa. Anti Hajiya ma tana ciki, ita ce take fara danna mini alamar so.

ALHAJI: Wace Hajiyar?

SANI: Ta Fagge. Uwargida.

JAURO: Ita ta san uwargida ce?

ALHAJI: Goge! Goge maza! Mayar da shi mata ɗaya. A'a, cire gurbin gaba ɗaya. Sa jini, sa nauyi, kilo ɗari da goma ne, sa 1973!

SANI: Kwantar da hankalinka, ban saki ba tukuna. Sai Juma'a.

ALHAJI: Alhamdulillahi.

MALAM: Af. Ni kuwa na riga na ɗora a sitatus ɗina na WhatsApp, don in taya yaro talla.

ALHAJI: Bazazzagi! Wa ya gani?

MALAM: Mutum bakwai kacal. Shida 'yan Zariya ne.

Wayar Alhaji ta fara ruri a aljihu. Ya zaro, ya duba sunan, ya miƙa wa Jauro.

ALHAJI: Don Allah ɗauka, ka ce da ita na mutu.

MAI SHAYI: Kafin ka mutu, dubu huɗu da ɗari biyu ne.