Injin da ke riƙe da aikin da bai ƙare ba, a hannun wa yake?

Ka cike takardar neman rance ta wayarka ranar Litinin. Manhajar bankin ta duba shaidarka, ta tambayi inda ake ajiye tarihin masu bashi, sannan ta miƙa takardar ga wani ma'aikaci ya sa hannu. Ma'aikacin kuwa ya tafi hutu. Daren Laraba aka kashe uwar garken bankin, wato babbar kwamfutar da manhajojinsa ke aiki a kanta, aka sake kunnawa saboda gyara. Zuwa Juma'a dole a samu abin da zai tuna cewa takardarka ta wuce mataki biyu tana jiran na uku, cewa ta kwana huɗu a gaban mutumin da ba ya nan, kuma lokaci ya yi da za a tura wa mataimakinsa. Abin da ke wannan tunawa shi ne injin tafiyar da aiki.

Manhaja ce da ba ta da wani kwalliya, kuma kwastoma ba ya ganinta. Aikinta ta san inda kowane aiki ya tsaya, me ke biye, wa ake jira, tun yaushe. Idan ta kira wata manhaja ba ta amsa ba, sai ta ɗan dakata ta sake kira. Idan an riga an cire kuɗi daga asusun mutum sannan mataki na gaba ya ci tura, ita ce za ta koma baya ta mayar masa da kuɗinsa. Wannan dabara ta warware abin da aka riga aka yi ba sabuwa ba ce, tun 1987 Hector Garcia-Molina da Kenneth Salem suka rubuta ta suka sa mata suna Saga.

Na taɓa ganin yadda ake yi idan babu injin. A wani kamfani da na yi wa aiki, akwai layi guda a rumbun bayanansu mai suna matsayi, kowane oda yana ɗauke da lamba daga 1 zuwa 17. Na tambaya me lamba 9 ke nufi. Aka dubi juna. Wanda ya ƙirƙiro ta ya bar aiki tuntuni, ga kuma ododi jibge a kanta, ba gaba ba baya. Ƙarfe biyun dare wata 'yar manhaja kan farka ta bi layin tana tura abin da ta gane, wanda ba ta gane ba ta tsallake shi. Su ma injin suka gina, sai dai ba su san sun gina ba, kuma ba wanda zai iya karanta shi.

Saboda haka ba na cikin masu cewa waɗannan injina ƙarin wahala ne kawai. Ra'ayina a kansu shi ne: idan za ka ɗauka, ɗauki buɗaɗɗe, wato wanda lambobin gininsa ke fili, kowa na da izinin amfani da su da gyara su. Amma ba don kyauta ba. Wanda ya zaɓi buɗaɗɗiyar manhaja don kawai ba a biyan kuɗin lasisi, zai biya a albashin injiniyoyi da rashin barcinsu, araha ba ta ado. Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne ƙofar fita.

Injin tafiyar da aiki ya fi yawancin manhajoji wuyar rabuwa. Za ka iya canja manhajar aika saƙo a yini guda. Shi kuwa injin, a duk ranar da ka ce za ka bar shi, akwai dubban ayyuka a cikinsa da suka yi nisa ba su ƙare ba: neman diyyar inshora da ke jiran rahoton likita, rancen gida da aka yi wata uku ana bi, kwangilar da za a sabunta baɗi. Ba za ka ce musu su koma farko ba. Duk wanda ke riƙe da injin yana riƙe da waɗannan ayyuka, kuma ya san da haka lokacin da ya zo sabunta farashi.

Tarihin fannin kansa ya isa hujja. Tom Baeyens ne ya fara injin jBPM, wanda ya koma ƙarƙashin JBoss, kamfanin da Red Hat ya saya a 2006. A 2010 shi da Joram Barrez suka koma kamfanin Alfresco suka fara wani injin mai suna Activiti da buɗaɗɗen lasisin Apache 2.0. A 2013 kamfanin Camunda na birnin Berlin ya ɗauki lambobin Activiti ya tsaga nasa reshen, wato ya kwafe su ya ci gaba da gina nasa injin daban. A 2016 manyan masu rubuta Activiti ɗin da kansu, ciki har da Barrez da Tijs Rademakers, suka fice suka kafa Flowable da waɗannan lambobi. Wani zai kalli wannan ya ce ai rigima ce kawai da rashin haɗin kai. Ni abin da na gani daban ne. Duk lokacin da aka samu saɓani tsakanin kamfani da masu aikin, ko tsakanin kamfani da masu amfani, lasisin ya ba mutane damar ɗaukar kayan su ci gaba, ba sai sun roƙi kowa ba.

An sake gwada ƙofar kwanan nan. Camunda ya fito da Camunda 8 a 2022 bisa sabon inji mai suna Zeebe, wanda ana iya karanta lambobinsa amma lasisinsa ba irin na Apache ba ne. Daga sigar 8.6 ta Oktoban 2024, wanda zai ɗora shi a nasa uwar garken don aiki na gaske sai ya sayi lasisi. Tsohon injin kuwa, Camunda 7 na kyauta, an yi masa sigar ƙarshe a Oktoban 2025. Kamfanonin da suka shekara goma suna gini a kansa suka wayi gari da zaɓi: ko su biya, ko su yi ƙaura zuwa injin da gininsa ya sha bamban. Sai dai da yake Camunda 7 na ƙarƙashin Apache 2.0, wasu suka tsaga rassa irin su Operaton da CIB seven suka ci gaba da shi. Haka ya faru da injin Conductor, wanda Netflix ya buɗe a 2016 ya kuma daina kula da shi a Disamban 2023, kamfanin Orkes ya ci gaba da riƙonsa. Da rufaffu ne, da labarin ya ƙare ranar da aka fitar da sanarwa.

Ba na zargin Camunda. Kamfani ne mai ma'aikata da ke jiran albashi, kuma bai yi wa kowa alkawarin zai yi ta aiki kyauta har abada ba. Ba shi kaɗai ba ne ma: Elastic ya canja lasisi a 2021, HashiCorp ya canja na Terraform a 2023, Redis ya bi sahu a 2024, kowanne kuma ya haifar da reshe. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da nake zargi shi ne sakacin masu zaɓa, waɗanda ke ganin lambobi a GitHub, shafin da ake ajiye lambobin manhajoji, su ɗauka shi ke nan buɗaɗɗe ne. Manhajar n8n, alal misali, kowa na iya ganin lambobinta, amma lasisinta ya taƙaita yadda za a yi kasuwanci da ita, su kansu masu ita sun bayyana haka. Ganin abu a fili daban, izinin ɗauka daban.

Akwai kuma tambayar da ta fi ta lasisi: wa ke da ikon canja shi? Manhajar da kamfani guda ke riƙe da ita, ranar da masu zuba jari suka matsa, sigar gaba na iya zuwa da sabon sharaɗi. Wadda ke hannun gidauniya ta fi wuyar juyawa. Airflow, wanda Maxime Beauchemin ya fara a Airbnb a 2014, ya zama cikakken aikin gidauniyar Apache a 2019, Argo kuma yana ƙarƙashin gidauniyar CNCF. Sai dai kada a ruɗe, waɗannan biyun sun fi dacewa da jigilar bayanai da ayyukan kwamfuta zalla. Takardar da ke jiran sa hannun mutum kwana goma ba gonarsu ba ce.

To, a faɗi gaskiya, ƙofar fitar ba ta kai faɗin da ake tallata ta ba. Ana yawan cewa tunda BPMN 2.0, tsarin zana matakan aiki da akwatuna da kibau, ma'auni ne na kowa, wanda ƙungiyar OMG ta fitar a 2011 ya kuma zama ma'aunin ISO a 2013, za ka iya ɗaukar zanen aikinka daga wannan inji ka kai wancan. Zanen zai buɗe, akwatuna da kibau duk za su fito. Amma kowane inji yana da nasa ƙarin da yake cusawa a cikin fayil ɗin, da yadda yake kiran lambobinka, da yadda yake ajiye ayyukan da ke kan hanya. Ko tsakanin Camunda 7 da 8, 'yan gida ɗaya, ƙaura aiki ne ja, domin na farkon yana iya zama cikin manhajarka ta Java ya yi amfani da rumbun bayananka, na biyun kuwa gefe yake tsayawa yana rarraba aiki. Ɗaya ɓangaren, masu rubuta tsarin aiki da lambobi maimakon zane, su ma da nasu. Temporal, wanda Maxim Fateev da Samar Abbas suka kafa a 2019 bayan sun gina Cadence a Uber, lasisin MIT gare shi, ba laifi. Yana ajiye tarihin duk abin da ya faru, idan na'ura ta mutu ya sake bin tarihin har ya dawo daidai inda aka tsaya. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Amma ka gyara lambobin aikin da ke kan hanya ba tare da lura ba, tarihin da sabbin lambobin su ƙi jituwa, aikin ya cije.

Reshe ma ba tabbas ba ne. Tsagawa abu ne mai sauƙi, riƙewa shekara biyar shi ne aikin. Lokacin da ɓarakar tsaro ta bayyana a buɗaɗɗiyar manhajar Log4j a Disamban 2021, duniya ta ga yadda manyan kamfanoni suka jingina da aikin 'yan tsirarun masu sa kai. Bankin da ya koma kan reshen da mutum goma ke kula da shi a lokacin hutunsu, bai kuma ba su ko sisi ba, bai ba da injiniya ko ɗaya ba, to bai tsira ba, ya dai canja wanda yake dogaro da shi.

Shi ya sa injiniyoyin da suka sha wuya suke barin injin da aikin jeranta matakai kawai. Lissafin ko mutum ya cancanci rance, ko nawa ne diyyarsa, yana zaune a wata manhajar daban da injin ke kira. Ranar ƙaura, abin da za a ɗauka bai da yawa. Sukan kuma bar tsohon injin ya ƙarasa ayyukan da ya fara, sababbi su shiga sabon, ko da hakan na nufin ciyar da injina biyu na tsawon shekara.

Wancan kamfani mai lamba 9 daga baya ya sa inji. Kafin a zana komai, sai da aka tara ma'aikatan da ke aikin da hannunsu a ɗaki guda, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan aka gano lamba 9 na nufin ana jiran amincewar wani sashe da aka rushe shekara biyu da suka wuce. Aka goge matakin, ododin suka wuce a yammacin ranar, tun ba a gama muhawarar wane inji za a ɗauka ba.