Inside Out: Katun ne na yara, amma da iyaye yake magana

Har yanzu da yawa a cikinmu suna ɗaukar katun a matsayin abin da ake kunna wa yaro don ya bar mutum ya sarara. Aka ga magidanci da gemunsa ya tasa zane mai motsi a gaba, sai a ce wannan ya rasa aikin yi. To amma kuɗin da fim ɗin Inside Out 2 ya tara a 2024, kusan dala biliyan 1.7, ba daga aljihun 'yan firamare ya fito ba. A wannan shekarar babu fim ɗin da ya kamo shi a duniya, na katun ko na mutane. Na farkonsa, wanda kamfanin Pixar na Amurka ya fitar a 2015, ya haura dala miliyan 850, ya kuma lashe kyautar Oscar ta katun a 2016. Masu sharhi kan ce sirrin shi ne an raba daidai: launi da barkwanci na yara, zurfin tunani na manya. Ni ban ga rabon ya zo daidai ba. A ganina iyaye aka yi wa fim ɗin, yaran kuma su ne suka jawo su zuwa wurin kallo.

Labarin gajere ne. Riley yarinya ce 'yar shekara 11, mai son wasan hoki na kan ƙanƙara. Aikin mahaifinta ya tashe su daga jihar Minnesota zuwa birnin San Francisco, ta bar ƙawayenta da gidan da ta taso a ciki. Mafi yawan fim ɗin a cikin kanta ake yin sa, inda wasu halittu biyar ke zaune gaban wani teburi mai maɓallai suna juya ta: Murna, Baƙin Ciki, Tsoro, Fushi da Ƙyama. Duk abin da ya faru da ita sai ya zama ƙwallo mai haske, launinsa na wanda ke riƙe da maɓallan a lokacin. Murna ce shugaba, kuma burinta ɗaya ne: kowace ƙwallo ta fito ruwan ɗorawa irin nata.

Daraktan, Pete Docter, uba ne, kuma daga gidansa tunanin ya taso. 'Yarsa mai surutu da tsalle-tsalle ta kai wajen shekara 11 sai ta yi tsit, ya rasa me ke faruwa a ranta. Da suka zo rubutawa sun nemi shawarar masana halayyar ɗan Adam, cikinsu har da Paul Ekman, da kuma Dacher Keltner na Jami'ar California da ke Berkeley. Saboda haka tambayar da aka gina fim ɗin a kanta ta uba ce: ina yarinyata ta shiga?

Wurin da ya fi taɓa ni babu hayaniya a cikinsa. Daren farko a sabon gida, motar kayansu ba ta iso ba, Riley na kwance a ƙasa a ɗaki fayau. Uwar ta shigo, ta gode mata da ba ta ɓata rai ba duk da wannan hidima, sannan ta roƙe ta su ci gaba da murmushi saboda babanta na cikin matsi a wurin aiki. Babu tsawa, babu zagi. Uwa ce mai son 'yarta, ta gaji, tana neman sauƙi. Amma abin da yarinyar ta ji shi ne an ba ta aiki: ta zama mai fara'ar gidan, damuwarta kuma ta nemi inda za ta ajiye. Washegari, a cikin kanta, Murna ta ɗauki alli ta zana da'ira a ƙasa, ta ce wa Baƙin Ciki ta tsaya a ciki kada ta fito. Yaro zai ga wannan ya yi dariya. Babban da ke gefensa ya san ya taɓa zana wa wani irin wannan da'irar.

Mu kuwa ba mu buƙatar alli. "Yi mini shiru." "To mene ne abin kuka a nan?" "Namiji ba ya kuka." Yaron da aka canza wa makaranta, ko aka kai riƙo wajen goggo, ko iyayensa suka rabu, idan ya yi shiru sai a yaba masa a ce yaro ne mai haƙuri. Wani lokacin haƙurin ne da gaske. Wani lokacin kuma ya gane ne cewa babu mai son ji. Kuma babu wanda zai ce addini ne ya koya mana haka. Annabi Yaƙubu, wanda ya ce haƙuri mai kyau zai yi, idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf, Alƙur'ani ya faɗa ba tare da zarginsa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Hana yaro nuna damuwa al'adarmu ce, kuma sau da yawa don namu jin daɗin muke yi.

Abin da fim ɗin ya kama daidai shi ne inda haɗarin yake. Da Murna da Baƙin Ciki suka ɓace daga wurin maɓallan, Riley ba ta zauna tana rusa kuka ba. Ta zama mai gatsali a wurin cin abinci, ta yi faɗa da aminiyarta ta kiran bidiyo, ta watsar da hoki. Daga nan ta zare katin bankin uwarta daga jaka, ta sayi tikitin bas don ta koma Minnesota ita kaɗai. Tana cikin motar sai teburin maɓallan ya fara yin duhu, har Fushi da Tsoro suka danna suka ga ba ya amsawa. Ba ta jin komai kuma. Duk malamin makarantar kwana ya san irin wannan yaron, wanda ba ya kuka, ba ya dariya, duka ma bai dame shi ba. Baƙin Ciki ce kaɗai ta iya sauko da Riley daga motar. Ta koma gida, ta fashe da kuka, ta ce musu tana kewar gida, kuma kada su yi fushi da ita. Kula da wannan roƙon na ƙarshe. Uban ya amsa cewa shi ma yana kewar Minnesota, suka rungume ta.

Akwai wani wuri kafin nan da ya nuna aikin Baƙin Ciki a fili. Bing Bong, abokin wasan da Riley ta ƙirƙira a ranta tun tana ƙarama, ya ga an tura keken da suke wasa da shi cikin ramin mantuwa, ya zauna ya kasa tashi. Murna ta yi masa cakulkuli, ta yi masa gwalo, bai motsa ba. Baƙin Ciki ta zauna kusa da shi, ta ce an ɗauke masa abin da yake so, ta bar shi ya ba da labarinsa ya yi kukansa. Sai ga shi ya miƙe. Wanda ya taɓa zaman makoki ya san bambancin mai zuwa ya zauna da kai da mai zuwa ya cika ka da surutu.

Barkwancin ma hawa biyu ne. A wurin cin abincin nan kyamara ta leƙa kawunan iyayen: a kan uwar Baƙin Ciki ce a kujerar tsakiya, a kan uban Fushi ne, kuma halittun nasa duk sun shagala da kallon wasan hoki har ba su ji abin da matar ta ce ba. A wasu ƙasashe an mayar da wasan ya zama ƙwallon ƙafa, kamar yadda a Japan aka sauya burokoli, wani kayan lambu da Riley ta tsana, da koren tattasai, domin shi yaran can suka ƙi jini. Pixar sun san kasuwa.

Ba zan ce fim ɗin ba shi da rauni ba. Ra'ayin Ekman cewa akwai wasu 'yan motsin rai na asali da kowane ɗan Adam ke nuna su iri ɗaya a fuska yana da masu suka, irin su Lisa Feldman Barrett, waɗanda ke ganin al'ada da harshe na da hannu sosai a yadda mutum ke ji. Kada a ɗauki katun a matsayin darasin kimiyya. Abin da ya fi damuna shi ne hoton mutum a matsayin wanda ake danna wa maɓalli. Ina hankali? Ina niyya? Yaro mai wayo zai iya cewa ba shi ya zagi ƙaninsa ba, Fushi ne ya karɓe tuƙi. Fim na biyu, wanda Kelsey Mann ya ba da umarni, ya ɗan gyara wannan. Riley ta kai 13, Fargaba ta iso tare da Ƙyashi da Kunya da Gundura, ta kori tsofaffin ta hau kujera, daga ƙarshe aka nuna cewa babu ɗayansu da ke da ikon zaɓa wa yarinyar wace ce ita. Wurin da numfashinta ke sarƙewa a gefen filin hoki, zuciyarta na dukan tara-tara, duk matashin da ya taɓa jiran sakamakon JAMB zai gane shi. Sai dai halittun sun yi yawa, Gundura kusan zaman cike gurbi take, kuma babu wani wuri a cikinsa da ya kai daren nan na ɗaki fayau.

Maganar cewa na kowane shekaru ne kuwa akwai ƙari a ciki. Ɗan shekara biyar zai ƙyalƙyale idan kan Fushi ya kama da wuta, sannan ya nemi a canza masa wani. Akwai kuma 'yan wurare, kamar saurayin da Riley ke ƙiyastawa a ranta da matuƙin jirgin da uwar ke tunawa idan mijin ya ɓata mata rai, da wasu iyaye za su so su san da su tun kafin a kunna. Daga shekara tara ko goma ne yaro ke fara bin zaren labarin, kuma a nan ne zai juyo ya tambayi dalilin da ya sa Riley ta saci katin, ko me ya sa ƙwallon ƙarshe ta fito da launi biyu. Wanda ya miƙa masa waya ya shige ɗaki ba ya nan da zai amsa.