Kiwon karnukan sayarwa ba maganin yaron da ya kangare ba ne

Shekaru kaɗan baya, in ka ce wa Bahaushen Jidda ko na Makka wata rana ɗansa zai riƙa tallar 'yan kwikwiyo a waya, zai ɗauka zaginsa kake yi. A 2008 hukumomin Riyad, babban birnin Saudiyya, sun hana sayar da karnuka da kyanwoyi da fita yawo da su, aka ɗora wa 'yan hisba tabbatar da dokar. A 2016 aka karɓe ikon kama mutane daga hannun hisbar, zuwa 2020 har an buɗe gidan shan gahawa a birnin Khobar inda mutum ke shiga da karensa. Yau tallar 'yan kwikwiyo tana yawo a Snapchat da Instagram da zaurukan WhatsApp, kowanne da hotonsa da farashinsa, kuma yaranmu suna kallon wannan kasuwa a tafin hannunsu.

Sauyin da aka samu a ƙasar ba shi ne damuwata ba. Damuwata ita ce wata dabara da ta fara shiga wasu gidajenmu, musamman masu fama da yaro mai wuyar sha'ani: wanda ya bar makaranta, wanda ba ya kwana gida, wanda in ransa ya ɓaci sai ya fasa abin da ke gabansa, ko wanda aka fara jin ƙishin-ƙishin yana tare da masu shan miyagun ƙwayoyi irin su shabu da kaftagon. Yaron ya nuna yana son kare, sai a sayo masa karya, a gyara mata wuri a saman bene ko a wata istiraha, wato gidan hutawa, da ke bayan gari, a kai ta barbara, ta haihu, a sayar da 'ya'yan. Uban yakan ce, “Malam, gara ya zauna da karnukansa da ya bi 'yan ƙwaya.” Uwar kuma takan ce, “Tun da aka kawo su yake kwana a gida, kuma ga ɗan abin da yake samu.”

Ban raina wannan magana ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gidan tsare yara yana jiran a fito masa da ɗansa ya san cewa iyaye a wannan hali duk abin da ya zo hannunsu kamawa suke yi. Kuma akwai gaskiya a cikin tunaninsu. Mu Hausawa mun daɗe muna tarbiyya da kiwo: a ba yaro 'yar akuya a ce tasa ce, ya koyi tashi da sassafe, ya nemo harawa, ya san cewa akwai mai rai da ke jiransa. Su ma masana halayyar yara sun ga haka. A 1962 wani masani a New York, Boris Levinson, ya wallafa abin da ya lura da shi, cewa wani yaro da ya ƙi buɗe baki ga kowa ya saki jiki da karen shi Levinson ɗin, ta nan aka samu ƙofar shiga zuciyarsa. Daga irin wannan ne aka gina hanyar jinya da taimakon dabbobi.

Amma a duba yadda abin yake a ɗakin Levinson. Kare ɗaya ne, babba, wanda aka san halinsa, likita yana zaune yana kallo, kuma in yaron ya dawo mako mai zuwa zai tarar da karen yana nan. Kiwon sayarwa kuwa an gina shi ne a kan rabuwa. Karya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 63. 'Ya'yan suna zuwa idanu a rufe, sai bayan kwana 10 zuwa 14 su buɗe. Yaron ne zai kwana yana duba su, shi zai ba su suna, shi zai san wanne ne mai ƙiwa, wanne ne ke biyo shi har bakin matakala. Bayan wata biyu sai wata mota ta tsaya a ƙofar gida, a ƙirga kuɗi, a tafi da su ɗaya bayan ɗaya. Yawancin karnuka sau biyu suke neman barbara a shekara, saboda haka kafin ya warware an sake komawa farko.

To, wane yaro ake yi wa haka? Da yawa daga cikin kangararrun yaranmu rashi ne ya kangarar da su. Wani an yi tarhil da ubansa, wato an kore shi daga ƙasar, yana ƙarami. Wani aure ya mutu an raba shi da uwarsa. Wani rusau ɗin da aka fara a Jidda a ƙarshen 2021 ya tashe su daga unguwar Sabil ko Karantina ko Gulail, ya rasa abokai da maƙwabta da malamin allonsa a lokaci guda. Abin da zuciyarsa ta riga ta yarda da shi shi ne duk abin da ka ƙaunata za a ɗauke maka, don haka kada ka ƙaunaci komai. Sai ga iyayensa da hannunsu suna maimaita masa wannan darasi sau biyu a shekara, har da riba a kai. Hausawa na cewa sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma babba mai cikakken hankali yana iya rayuwa da wannan gaskiyar. Yaron da dama bai yarda da kowa ba, in ya haddace ta tun yana ɗan shekara 13, a kan mutane zai yi aiki da ita.

Wani zai ce ai ragon layya ma yara suna sabawa da shi kuma a yanka. Haka ne. Sai dai yaro ya san makomar ragon tun ranar da aka ɗaure shi, ibada ce da kowane gida ke yi a rana ɗaya, kuma naman ana rabawa maƙwabta da mabukata. Kwikwiyon da aka ce masa “naka ne” sannan aka sayar saboda mai saye ya ƙara riyal 200, wannan wani abu ne daban.

Akwai kuma haƙƙin dabbobin, wanda a hirarrakinmu ba kasafai ake tuna shi ba. Tun 1987 kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke amfani da shi ya sa zaluntar dabbobi cikin alamomin wata lalurar ɗabi'a da ke kama yara da matasa, kuma masu bincike irin su Frank Ascione sun nuna yadda cin zalin dabba ke yawan tafiya tare da cin zali a cikin gida. Wannan ba ya nufin kowane kangararren yaro mugu ne. Akasarinsu ba haka suke ba, wasu ma sun fi mu taushin zuciya ga dabba. Amma yaron da ba ya iya riƙe fushinsa, wanda aka yi masa dukan kawo wuƙa da rana, ya hau saman bene da dare inda ba idon kowa, ga wasu halittu da ba su fi cikin tafin hannu ba, ba sa iya gudu, ba sa iya kai ƙara, wa zai ba da tabbacin abin da zai faru? In abin ya faru, kwikwiyon ya cutu, shi ma yaron ya tashi da wani nauyi a zuciyarsa da ba zai iya faɗa wa kowa ba. Ita kuma karya mai jego ba ta da wasa a kan 'ya'yanta. Ƙanne ƙanana da ke hawa sama su leƙa su ne suka fi kusa da haƙoranta, kuma cizon kare ga ƙaramin yaro yakan sauka ne a fuska da wuya saboda tsawonsu ɗaya.

Cutar ba ta tsayawa a gidan. Daga mako na 3 zuwa kusan na 12 ne kwikwiyo ke koyon yarda da mutum. In a wannan lokaci ihu da shuri ya sani, ko aka raba shi da uwarsa kafin mako 8 don mai saye yana gaggawa, sai ya girma da tsoro, kuma kare mai tsoro shi ne mai cizo. Wanda ya saya ya gaji da shi, ya kai shi bayan gari ya saki. Haka ake ƙara yawan karnukan da ke yawo a gefen unguwanni, waɗanda daga baya mu da kanmu za mu kira baladiyya, wato hukumar gari, mu yi ƙorafi a kansu.

Ita kuwa uwar, ba wanda ke lissafa wahalarta. Irin da kasuwa ke so su ne na ƙasashen sanyi, kamar haski mai gashi biyu wanda asalinsa Saiberiya ne, da karen makiyayan Jamus wanda aka sani da gadon ciwon ƙugu. A ajiye irin wannan a saman siminti a Jidda, garin da zafinsa ya taɓa kaiwa digiri 52 a watan Yunin 2010, azaba ce ko da an yi rumfa. Gidan da ya shiga harkar don neman na cefane ba shi da kuɗin gwajin cututtukan gado, ba shi da na tiyata in haihuwa ta zo da gardama da tsakar dare. Sai a tsallake allurar rigakafi, cutar farbo mai sa amai da gudawar jini ta shigo ta kwashe 'ya'yan cikin 'yan kwanaki a gaban yaron. Don a rage kuɗin barbara sai a haɗa uwa da ɗanta ko wa da ƙanwa. Waɗanda ba su samu mai saye ba kuma, kowa ya san inda suke ƙarewa. Annabi (SAW) ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, ya kuma ba mu labarin wadda aka gafarta wa don ta shayar da kare mai ƙishirwa. Saudiyya ma ta amince da dokar jin ƙan dabbobi ta ƙasashen yankin Gulf a 2013, kuma Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma tana cin tarar masu saɓa mata.

Ta fuskar fiƙihu, mu da muka taso a mazhabar Malikiyya ba mu ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, saɓanin Hambaliyya da aka fi bi a nan. An kuma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi, da aka tuna masa ra'ayin Imam Malik na ƙin ajiye kare a gida sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Wato malamai sun san lalura. Amma hadisin da Bukhari da Muslim suka fitar ya taƙaita ajiye kare ga farauta da gadin dabbobi da gona, kuma a cikinsu akwai hani ƙarara a kan cin kuɗin kare. Akwai malaman da suka sassauta a kan na farauta da na gadi, irin su Sahnun, babban malamin Malikiyya, da Hanafawa. Kwikwiyon ado da ake sayar wa matasa don ɗaukar hoto bai shiga wannan rangwame na Sahnun ba. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da yaron ke gani: uba ya hana karen kusantar dardumar salla, ya yi tsaki in ya taɓa rigarsa, amma ranar ciniki shi ne ke karɓar kuɗin. Kangararren yaro yana da kaifin ido wurin gano baki biyu, kuma da zarar ya gano, nasihar uban ta rage nauyi a kunnensa.

Ga kuma haɗarin doka. Baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya da damar buɗe sana'ar kansa haka kawai, balle wanda takardunsa ba su cika ba. Ƙorafin maƙwabci ɗaya kan haushi da wari, ko cizo ɗaya da ya kai wani asibiti, ya isa ya jawo wa gidan duka binciken da ba su shirya masa ba, kuma sunan yaron ne ke jikin tallar.

Na san tambayar da za a yi mini: to me za mu yi da shi? In yaron yana son dabba da gaske, a ba shi guda ɗaya, wadda ba ta sayarwa ba ce, wadda zai tarar gobe da jibi. Kyanwa ta isa, tattabaru ma sun isa, kuma kiwonsu sananne ne a saman benayen Jidda da Makka. In gidan suna aiki a gona ko suna da garke, karen gadi guda ɗaya yana da gurbinsa a shari'a da al'ada. Sharaɗin dai shi ne babba ne ke da alhakin dabbar, yaron mataimaki ne, kuma ba a barinsa shi kaɗai da ita a ranar da aka ga ransa a ɓace. In an taɓa ganinsa yana azabtar da ƙadangare ko kyanwar layi, to ba dabba yake bukata ba tukuna, likita yake bukata. Layin taimakon yara na 116111 yana karɓar kiran iyaye, akwai kuma cibiyoyin Irada masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye. Da yawanmu kunya ce ke hana mu zuwa, kada a ce ɗan wane ya taɓu, sai mu gwammace mu sayo karya. Malamanmu da shugabannin al'ummarmu a nan suna da aikin yi wurin kashe wannan kunyar, domin iyaye sun fi jin maganarsu a kan ta kowane likita.

Gidan da ya riga ya shiga, karya na da ciki ko tana jego, kada a kwashe su dare ɗaya a zubar, domin wannan ma wani rashin ne za a ɗora wa yaron. A bar 'ya'yan su cika mako 8 tare da uwarsu, a yi musu rigakafi, a nemi masu gona ko makiyaya da ke da bukatarsu da gaske. A zauna da yaron tun da wuri a gaya masa ranar da za su tafi da inda za su, a tafi da shi ya ga wurin da idonsa. Sannan a kai uwar wurin likitan dabbobi a yi mata aikin tsayar da haihuwa, kuma babba a gidan ya ɗauki nauyin ciyar da ita da kula da lafiyarta har ƙarshen rayuwarta.