Yadda ƙanena ya "taimaka" mini da BIOS

Wallahi har yau in na tuna sai in yi dariya, amma a lokacin kam hawaye ne kawai ban yi ba. A 2019 ne, madabod ɗina (babban allon cikin kwamfuta da komai ke haɗe a kansa) tsoho ne ɗan 2018, sai masu ƙera shi suka saki wani BIOS (ɗan furogram ɗin da ke tada bod) da ya buɗe PCIe 4.0, wato Gen 4, sabuwar hanyar wucewar bayanai mai sauri, in ka sa sabon furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta). Na shiga na gani da idona, ga Gen 4 nan zaune a menu. Ai ko na kwashi kuɗin adashe na yi odar SSD (ma'ajiyar bayanai) mai gudun megabait 5,000 a sakan, na je majalisa na cika baki cewa nawa tsohon bod ɗin zai kunyata sababbin nasu.

Kafin kaya ya iso ƙanena ya zauna a kan kwamfutar, da na dawo yake ce mini "Yaya na maka ofdet ɗin BIOS, naka ya tsufa", yana washe baki yana jiran tukwici. Na duba menu, Gen 4 ya yi ɓatan dabo. Ashe kamfanin furosesan ne ya toshe shi a sabon ofdet, wai layukan tsoffin bod ba a zana su don wannan gudun ba, wani zai ɗauka wani ba zai ɗauka ba, don haka kowa ya haƙura ya sayi sabo. To ni da nawa yake ɗauka fa?

SSD ya zo, 'yan majalisa suka biyo ni har ɗaki da shayinsu, aka danna gwaji ya tsaya a 3,500 ko gezau. Wani ya ce "Malam, ko sauran 1,500 ɗin suna kwastan ne?"

Da dare na ce sai na mayar da tsohon BIOS, yana tsaka da rubutawa aka ɗauke wuta, bod ya mutu murus, fanka kawai ke juyawa. Washegari na rungume shi sai kasuwar Farm Centre da ke Kano, mai gyara ya maƙala wa ɗan cip ɗin BIOS wata 'yar fensa ya farfaɗo da shi, ya miƙo mini yana cewa "Alhaji na ma sa maka na ƙarshen da ya fito, wannan kyauta ne."