Masu gyaran kwamfuta na Kano, ku koyi Wine

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro, sai dai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Ita kuma Windows 11 tana neman TPM 2.0 (wani ɗan guntun na'urar tsaro a cikin kwamfuta) da sabon firoseso, abin da da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjon da ake sayarwa a Farm Centre da Beirut Road ba su da shi. To me muke yi? A bi ta bayan gida a ɗora Windows ɗin da aka fasa, a haɗa da Office na sata, mai kaya ya tafi da murna. Bayan 'yan watanni ya dawo da kuka, wai bairos ya cinye masa aiki.

Ni a ganina lokaci ya yi da masu gyaranmu za su riƙa ba mutane zaɓin Linux, wato tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta da ake ɗorawa a maimakon Windows. Na san amsar da za a ba ni: "Malam, manhajojina na Windows fa?" Nan ne maganar Wine ta shigo.

Wine manhaja ce ta kyauta, lambobin da aka rubuta ta da su a buɗe suke ga kowa, an faro ta tun 1993, Alexandre Julliard ke jagorantarta tun 1994. Ba ta ɗauke da Windows a cikinta, don haka babu batun lasisinsa. Aikinta tafinta ne. Idan manhajar Windows ta nemi a buɗe mata fayil ko a zana mata taga, Wine ta karɓi buƙatar ta mayar da ita yadda Linux zai gane, nan take. Shi ya sa ba ta cin ram irin yadda ɗora Windows sukutum a cikin VirtualBox (manhajar da ke kunna wata kwamfuta a cikin kwamfutarka) ke ci, kuma mai laptop mai 4GB ya san muhimmancin wannan. Sai da ta shekara 15 kafin a fitar da sigar 1.0 a 2008, ka ji haƙuri.

Wanda ke ganin wasan yara ne ya dubi kamfanin Valve, mai harkar wasannin kwamfuta. A 2018 sun fito da Proton, manhajar kunna wasannin Windows a Linux wadda aka gina a kan Wine, a 2022 kuma suka fara sayar da na'urar wasa ta Steam Deck, Linux ne a cikinta amma wasannin Windows take ja ta hanyar Proton.

Sai dai kada in yi muku romon baka. Tsofaffin manhajoji da ƙanana, irin su Office 2007 da Notepad++, sukan tashi lafiya. Sababbin Photoshop da CorelDraw kuwa gardama gare su, kuma Wine ba ta ɗaukar direban Windows, wato 'yar manhajar da ke sa na'ura kamar firinta ta yi aiki. Mai shagon buga katin biki da kalanda da ke cin abinci da CorelDraw, kada kowa ya ruɗe shi ya goge kwamfutarsa. Ya fara duba rumbun AppDB na WineHQ, inda masu gwaji ke rubuta abin da ya yi aiki da wanda ya ƙi. Akwai kuma wani tsarin daban mai suna ReactOS, da ke son zama madadin Windows gaba ɗaya, amma har yanzu tana matakin gwaji tun 1998. A taɓa ta don ilimi, kada a ajiye lissafin shago a kai.

Ɗalibanmu masu koyon rubuta manhaja su ma akwai rabonsu. Da MinGW-w64, kayan aikin haɗa manhajar Windows, kana zaune a kan Linux za ka haɗa fayil ɗin .exe, ka gwada shi da Wine, ka miƙa wa mai Windows. Masu rubutu da yaren C# kuma, dandalinsa na .NET na yanzu a buɗe yake, yana aiki a Linux kai tsaye.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Oga mai gyara, ka ajiye filashi guda mai Linux Mint, wani nau'i na Linux. Wanda aikinsa bai wuce rubutu, intanet da 'yar manhaja ɗaya ko biyu ba, ka kunna masa daga filashin ya gani da idonsa, sannan ya zaɓa.